Kujera mai tauri ta ofis da falon baƙi: tambayoyin da aka fi yi mana da amsoshinsu

Mun tattara tambayoyin da mutane suka fi yi mana in sun zo neman kujerun ofis ko na falon maigida, saboda gaskiya abu ɗaya muke ta maimaitawa kullum, wani ya kira daga Malali wani daga Barnawa a nan Kaduna amma tambayar dai ita ce. Toh ga su nan, kowa ya duba wadda ta shafe shi.

Wai me yasa kuke cewa a sayi mai tauri? Ba mai laushi ce ta manya ba?

Ranka ya daɗe ya danganta da ɗakin da za a ajiye ta. Falon iyali inda ake kwanciya ana kallo yara na tsalle, nan kam sayi mai laushi ka more kuɗinka. Amma falon baƙi wani zama ne daban, nan ake karɓar masu gaisuwar sallah, nan ake zaman neman aure, nan ake ta'aziyya da sulhu, kuma yawancin masu hawa kujerar dattawa ne tunda samari a kafet suke zama. Dattijo mai shekara 70 da ciwon gwiwa ya zo cikin malum-malum ya zauna a kujerar da ke nutsewa, gwiwarsa ta fi ƙugunsa tsayi, rigar ta tattare, hula ta karkace, in an shafa fatiha kowa ya miƙe shi sai an kama hannunsa an ɗago shi a gaban surukai, kaga ai ba a kyauta masa ba duk tsadar kujerar. Haka Hajiya da ta ɗaura zani ko ta naɗa laffaya, zaman mutunci take so, ƙafa a ƙasa baya a miƙe.

A ofis ma haka ne, baƙo zai karanta takarda ko ya sa hannu ko ya sha shayi, duk wannan da zama a miƙe ake yinsa.

Toh mai tauri ɗin ba kamar benci za a ji ta ba?

A'a. In aka yi ta daidai, ƙasan soson ne mai ƙarfi, sama kuma ana ɗora laushi kamar inci 1 zuwa 2 na soso mai taushi ko faiba. Ka zauna ka ɗan lotsa kaɗan sai ta tare ka, shikenan. Wadda kake jin katako a ƙarƙashinka wannan rowar soso aka yi mata.

Wane awo ya kamata in duba? Ni dai ido nake bi.

Ido na yaudara Alhaji, musamman a shago mai fitilu. Ka tafi da tef a aljihu, abu huɗu zaka auna.

Tsayin mazauni daga ƙasa: santimita 45 zuwa 48, wato wajen inci 18 zuwa 19. Kuma ka auna lokacin da mutum ke zaune a kai, dan wata kujerar 48 ce a tsaye amma da an zauna ta koma 38. Yawancin kujerun zamani da ake yayi yanzu gajeru ne sosai, suna kyau a hoto amma tashi daga kansu aiki ne.

Zurfin mazauni, daga bakin kujera zuwa inda baya ke jingina: santimita 50 zuwa 56. Wannan shi ne awon da mutane suka fi mantawa kuma shi yafi komai tasiri, da ya haura 60 toh kujerar kishingiɗa ce, mutum matsakaici ko dai ƙafarsa ta bar ƙasa ko bayansa ya bar majingina, shi yasa zaka ga ana ta cusa filo a baya. Ka zauna ka jingina sosai, ya kamata yatsu 2 ko 3 su shiga tsakanin bayan gwiwarka da bakin kujerar.

Majingina ta ɗan kwanta kaɗan kawai, kamar digiri 100 zuwa 105, kuma ta kai kafaɗa. Sai hannun kujera, wajen santimita 60 zuwa 65 daga ƙasa, ya zama mai ƙarfi da faɗin da tafin hannu zai dafa a tashi. Hannu mai laushi da ke lanƙwashewa in an dafa bashi da amfani ga dattijo.

Mai shago yace min soson “hai densiti” ne, shikenan na huta?

Baka huta ba tukuna, ka tambaye shi lamba nawa. Densiti nauyin soso ne, kilo nawa ne a mita ɗaya tsawo da faɗi da kauri. Na mazaunin kujerar da za a yi shekaru ana hawa kada ya gaza 30, in ofis ne mai yawan jama'a a nemi 35 zuwa 40. Na 18 ko 20 na majingina ne da gefen hannu, in aka sa shi a mazauni kafin shekara ta zagayo zaka ga rami daidai inda maigida ke zama.

Amma ga inda ake ruɗa mutane: nauyi daban tauri daban. Akwai soso mara nauyi da aka yi shi da tauri sosai, ranar farko ka danna kaji kamar ba zai taɓa lotsawa ba, bayan wata shida ya mutu murus. Akwai kuma mai nauyi amma mai taushi, zai daɗe amma ba shi kake nema ba. Nauyi ne ke nuna daɗewa, tauri kuma yadda zaman zai kasance, kai duka biyun kake so a haɗe.

In kushin ɗin na cirewa ne akwai lissafi mai sauƙi. Soso mai santimita 60 da 60 kaurin 15, in densitinsa 32 ne zai yi wajen kilo 1.7, in na 18 ne ko kilo 1 ba zai cika ba. Ka zuge zif ka zaro shi ka ɗora a sikeli. Sai dai wasu masu yin soso na zuba garin alli a haɗin dan ya ƙara nauyi, irin wannan in ka murza gefensa zaka ji yana gari-gari yana ɓarɓashi, shi yasa muka fi son a sayi na kamfanin da aka sani irin Vitafoam ko Mouka a ga tambarin a jikin falan soson kafin a yanka. Akwai kuma wanda ake haɗawa da gutsattsarin soso a matse da gam, mai launi kala-kala ɗin nan da ake sawa a katifar masu ciwon baya, yana da nauyi da tauri sosai, yana kyau a matsayin shimfiɗar ƙasa a ɗora wani a kansa, amma shi kaɗai yayi tsauri da yawa.

Wane katako ne yafi?

Madaci da loko su ne gaba, suna riƙe sukuru kuma gara bata cika damun loko ba. Melaina ma ana aiki da ita in ta bushe sosai. Obece kuwa farin katako ne mara nauyi, yana da sauƙin aiki da araha shi yasa ake yawan ɓoye shi a cikin firem, amma ƙusa na kwancewa a jikinsa kuma ƙwari na sonsa. Filawud mai kauri kamar milimita 18 ba laifi a gefe da bango. Wanda bamu yarda dashi a firem ba shi ne allon garin katako da aka matse, ruwan mopin kaɗai ya ishe shi ya kumbura.

Sai dai wallahi sunan katako bai kai bushewarsa muhimmanci ba a garin nan. Kaduna da damina iska cike take da laima, a watan Agusta kan kai kashi 80 cikin ɗari, da hunturu kuma ta sauka ƙasa da 20 da rana. Katakon da aka yanko ɗanye daga kudu aka haɗa kujera dashi a watan Satumba, da Janairu ta yi zai tsuke, gaɓoɓi su saki, ka zauna kaji ƙiiii. Ka tambayi kafinta yaushe katakon ya shigo shagonsa, kuma ka duba kusurwoyin firem ɗin, ya kamata a ga ƙaramin katako mai kusurwa uku an sa gam an ɗaure da sukuru a kowane lungu, ba ƙusa da waya kawai ba.

Gwaji ɗaya da zaka yi da kanka: ɗaga ƙafar gaba guda ɗaya sama kamar santimita 15. In ɗaya ƙafar gaban ta biyo ta sama firem ɗin lafiya lau, in ta tsaya a ƙasa kujerar na murɗewa kenan. Ka kuma leƙa ƙarƙashi, in ka ga gari mai laushi ya zubo a tayil toh ƙwaro na ci a ciki, kada ka kai ta gida ta shafa wa sauran kayanka.

Sifirin ko bel, wanne zan ce a sa min a ƙarƙashin soson mazauni?

Dan zama a miƙe sifirin mai lanƙwasa-lanƙwasa ɗin nan mai kauri yafi, a jera shi kusa da kusa yadda tafin hannu ba zai wuce tsakani ba. Bel ɗin roba in mai kyau ne aka ja shi sosai aka saƙa yana yi, amma shi ke fara saki, balle wanda aka yanko daga tsohuwar taya. Wasu ofisoshi ma allon filawud kawai suke sa a ƙasa a ɗora soso mai kaurin inci 6, baya taɓa lotsawa, amma fa lallai soson ya zama na kirki tunda shi kaɗai ke ɗaukar nauyin.

Fata ko leda ko yadi?

Wannan tambayar ita ce tafi kawo rigima bayan ciniki, saboda a kasuwa duk abin da ke sheƙi “leda” ake ce masa, mai saye kuma a ransa fata ya biya. Fata ta gaske tana da tsada kuma kusan duk shigo da ita ake. Kada kace ai muna da majemai a Kano, yawancin abin da ake jemewa na akuya ne da tumaki, ƙanana ne sun fi dacewa da takalma da jaka, fatar saniya kuma mun cinye ta a ganda. Dan haka in aka ce maka set guda na fata zalla a farashin yadi, ka san akwai magana.

Yadda zaka gane: ka nemi a nuna maka bayan abin, fata bayanta gashi-gashi ne, leda kuma yadi ne a manne a baya. Fata tana da ɗinki da yawa tunda saniya iyakarta kenan, in ka ga doguwar majingina mita 2 babu mahaɗi ko ɗaya toh daga nadi aka yanko. Akwai kuma ta tsakiya da ake niƙa ragowar fata a haɗa da gam a shafe samanta da roba, tana ƙanshin fata har ta ruɗe ka, kuma ita tafi saurin lalacewa, bayan ƴan shekaru sai ta fara saɓulewa kamar ɓawon gyaɗa tana manne wa baƙi a riga, kuma bata gyaruwa sai dai a sake rufi gaba ɗaya.

Ra'ayinmu? Ofis mai esi da wuta tsayayya, fata ta gaske ko leda mai kauri ta kirki, saboda goge ta kawai ake da tsumma. Falon da wuta ke zuwa tana tafiya, a watan Maris da Afrilu leda azaba ce, baƙo zai tashi bayan rigarsa sharkaf, nan yadi mai saƙa matsattsiya yafi. In yadin na kamfani ne da katalog ka duba lambar Martindale, gwajin gogayya ne, 30,000 ya isa gida, na ofis a nemi 40,000 zuwa sama. Karan-miski yana da kwarjini a falo babu musu, amma yana shan ƙurar hunturu kuma yana nuna sawun duk wanda ya zauna, in babu mai bi da buroshi kullum a haƙura dashi.

Ina son fara ko ruwan madara, matsala ce?

Hajiya kyau kam akwai shi. Amma ki tuna su waye baƙinki: sabuwar shadda mai rini, musamman shuɗiya da baƙa, tana zuba a jikin farar leda in an yi gumi, kuma wannan tabon baya fita. Ga lalle, ga man gashi a majingina, ga humra. In falon na kullum ne ki ɗauki ruwan ƙasa, toka-toka, ko kore mai duhu. Fara sai falon da ake buɗewa da sallah.

Royal ɗin nan masu sassaƙa da ruwan gwal, suna cikin masu taurin?

Yawancinsu eh, zamansu a miƙe yake kuma suna da tsayi, shi yasa dattawa ke jin daɗinsu. Abin dubawa shi ne sassaƙar, wata katako ce wata kuma roba ce aka zuba a mazubi aka fesa fenti, ƙwanƙwasa da yatsa zaka ji bambanci, ta robar in ta fashe wajen sauke kaya babu mai gyara maka. Kuma royal na son fili da rufi mai tsayi, a ƙaramin falo cinye wajen take.

A ofis dai mu bamu cika ba da shawararta ba sai dai ofishin basarake. Chesterfield, samfurin Ingila mai maɓallai a lotse wadda hannunta da bayanta tsayinsu ɗaya, ta fi zama da ofishin lauya ko shugaban kamfani, maɓallan nan suna matse soson shi yasa bayanta ke da ƙarfi. Aibinta biyu, majinginar gajera ce bata kai wuya ba, sannan ramukan maɓallan ma'ajiyar ƙura ce. In ɗakin jira ne inda mutane ke shiga da fita, a sayi mai layi miƙaƙƙe mara ado, mai ƙafafu dogaye yadda tsintsiya da mopa za su shiga ƙasa.

Ƴar Turkiyya ko ƴar Chana ba ta fi ta kafintan gida ba?

Ba dole ba. Turkiyya suna da garin Inegol a lardin Bursa da ya shahara da kayan ɗaki, Chana suna da Foshan, kuma a duka biyun ana yin na ƙwarai ana yin na banza, ɗan kasuwa ne ke zaɓar ajin da zai loda a kwantena. Inda suka fi mu gaskiya shi ne gamawa, ɗinki a miƙe, fenti sumul, katako busasshe na inji. Inda muka fi su, kafintan Panteka ko Tudun Wada zai yi maka daidai awonka, kana tsaye za a yanka soson, kuma in wani abu ya saki ka san inda zaka same shi. Ta waje kuma a rufe take zuwa, abin da ke ciki sai ranar da aka farke.

Farashin ta waje dala yake bi. Tun 2015 Babban Bankin Najeriya ya sa kayan ɗaki cikin jerin kaya 41 da ba a ba su dalar gwamnati, sai a Oktoban 2023 aka ɗage, a tsakanin nan kafintocin gida da yawa suka gyara hannunsu sosai, har wasu kujerun da ake sayarwa a manyan shaguna da sunan ƴan waje a nan aka haɗa su. In kana son kwatanta da yawa a waje ɗaya, baje kolin ƙasa da ƙasa na Kaduna da ake yi duk shekara a hanyar Zariya wuri ne mai kyau, ka zagaya ka zauna a kan kowacce.

In na je shago me zan yi banda kallo?

Ka zauna, kuma ba zaman minti ɗaya ba. Yi minti 10 kuna hira da mai shagon, da irin kayan da kake karɓar baƙi dasu. Zauna a tsakiya, zauna a gefe, zauna a bakin kujerar ka gani ko zata zame da kai. Sannan ka miƙe ba tare da ka dafa komai ba, in sai da ka yunƙura sau biyu toh ba ita bace. Da ka tashi ka waiga, soson kirki nan take yake dawowa. In kujerar dan Baba za a saya, a zo da Baba, gani ya kori ji.

Zan ba kafinta aiki, ya zan yi kada a canza min kaya?

A rubuta komai a rasit: sunan katako, kamfanin soso da lambar densiti, awo huɗun nan, ranar kawowa. Ka yanki ƙyallen yadin da kuka zaɓa ka riƙe a wajenka. Kuɗi a raba uku, kafin alƙalami, sai kashi na biyu ranar da ka je ka ga firem tsirara da soson kafin a rufe, ragowar in an sauke a gida. Wannan zuwan na tsakiya shi ne duka maganar, kafintan kirki ba zai ji haushi ba, wasu ma su za su kira ka. Kuma dan Allah kada a ba da aiki saura sati biyu sallah ko biki, lokacin ne ake haɗa kujera da ɗanyen katako fenti bai bushe ba.

Set nawa zai ishe ni?

Ka auna ɗakin tukuna. Tiri sita na cin wajen mita 2 zuwa 2.2, a bar santimita 45 tsakaninta da senta tebur, a bar hanyar wucewa kamar 90. A falon baƙi ƴan wan sita sun fi amfani fiye da yadda ake zato, manya biyu da basu saba ba basa son a matse su a kujera ɗaya, kuma tiri sita kusan kullum mutum biyu ne ke hawanta. A bar fili a kafet dan masu zama ƙasa su gaida manya. Sannan a auna ƙofa da kwanar matattakala in ofishin a bene yake, ƙofa da yawa ƙafa 3 ce kawai, kujera mai tsayin baya in ƙafafunta basa kwancewa sai a-kori-kura ta koma da ita.

Tawa ta riga ta lotsa, in zubar?

In firem ɗin ya ci gwajin ɗaga ƙafa, a'a. A canza soso da bel, a sake rufi in ana so, kuɗin bai kai na sabuwa ba. Har zurfin ma ana ragewa, a ƙara kaurin majingina sai zaman ya miƙe.

Ya ake kula da ita da hunturu?

A janye ta daga taga inda rana ke duka, kada kuma a ajiye ta daidai bakin esi. Fata ta gaske a shafa mata man fata a farkon Nuwamba da kuma wajen Fabrairu dan kada ta tsattsage, banda man gyaɗa da basilin da fetur, mun ga masu yi. Yadi a bi shi da injin zuƙe ƙura ko buroshi mai laushi duk sati, har cikin lungun ɗinki. Kaskon turaren wuta a nesa dashi, tartsatsi ɗaya ya isa ya huda leda. In kushin na juyawa ne a riƙa musanya su duk wata, na gefen da maigida ke zama ya koma tsakiya.